Karon da Garnet Ya Yi da Ɗan Gwaggo

Ƙanena Garnet Henhawk ya yi shekara goma sha uku yana buga lakros, wasan ƙwallo da sanda mai raga, a babbar gasa, ana biyansa. Biyar na ƙarshe su ne mutane suke yabo har yau, kuma su ne ni ba na son tunawa, don duk tsawonsu ban ga ya yi murna ba, ban ga ya yi fushi ba.

Sunana Marva. Ni nake riƙe da kantin abinci na zauren wasanmu a Ohsweken, ina sayar da miyar farar masara da soyayyen burodi. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda mai raga a garin nan ya ci daga hannuna, saboda haka ba a bakin wani na ji labarin nan ba.

Garnet tare suka tashi da Elwood Skye, ɗan Gwaggo Loretta, ƙanwar babanmu. Garnet ƙato ne tun yana yaro, mai sanyin magana, in ya tsaya a ƙofa sai dai ka jira. Elwood kuwa siriri ne, bakinsa ba ya hutawa, da hagu yake harbi, ƙwallo in ya shiga ragar sandarsa sai ka ce ɗinke shi aka yi a ciki. Kakanmu ne ya sassaƙa musu sandunansu na farko, su kuma suka biya shi da farfasa masa tagogi.

A shekara ɗaya aka ɗauke su duka biyun a babbar gasar. Garnet ya samu ƙungiyar wani birni nan kusa, a matsayin ɗan baya. Elwood ya tafi wata ƙungiya can yamma, ɗan gaba. Kuɗin wasan ba ya riƙe gida, kowa ya san wannan, don haka daga Litinin zuwa Alhamis Garnet yana tuƙa motar share ƙanƙara, Elwood yana can sama yana ɗaure ƙarafan gini a Hamilton. Ran Juma'a su jefa jakunkunansu a bayan a-kori-kurar Garnet, su biyo ta kantina kafin ya sauke Elwood a filin jirgi.

"Yaya, ƙara wa Buldoza burodi biyu," in ji Elwood. "Ai ba gudu aka ɗauke shi ya yi ba, ci ne."

"Kai kuma surutu aka ɗauke ka," in ji Garnet.

"Surutu da ƙwallo arba'in bara. Kai nawa ka ci? Ɗaya tal. Shi ma kana juyawa ne ya bugi ɗuwawunka ya shiga."

"Ai ya shiga."

"Yaya, kin ji shi ko? Wai ya shiga."

Haka suke kowane mako, har shekararsu ta takwas.

Wata Lahadi da rana a watan Fabrairu ƙungiyoyinsu suka haɗu a birnin su Garnet. Muka cika bas daga gida. Gwaggo Loretta ta yanka rigunan ƙungiyoyin biyu ta haɗe su rabi da rabi, ta ce duk wanda ya ci nata ne. Twila matar Elwood tana gefenta, ni ina ɗaya gefen.

An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan ƙwallo ya kuɓuce ya gangara kusurwa, jikin katangar katakon da ta kewaye filin. Elwood ya bi shi, ya sunkuya zai kwashe da sanda. Garnet ya taho ta gefe, kafaɗa a gaba, yadda aka koya masa tun bai fara makaranta ba. Ƙarar da na ji kamar an jefo gungumen itace daga bayan mota. Hular kwanon Elwood ta daki katako. Jama'a suka miƙe da ihu, ana dukan gilashin da ke saman katangar da tafin hannu. Alƙalin wasa bai busa ba, don babu laifi a ciki. Garnet ya kwashe ƙwallon, ya ruga da shi, ya miƙa wa ɗan gabansu.

Sai da wasa ya koma ɗaya gefen aka lura Elwood bai tashi ba. Yana kwance rigingine, hannunsa ɗaya a sandare yana kallon sama, yatsun a buɗe.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Marva, riƙe min jakata." Ta bi matattakala ta sauka a hankali, Twila na biye da ita.

Aka fitar da shi a gadon ɗauka, mutane suka yi tafi, aka ci gaba. Garnet ya buga wasan har ƙarshe. Su suka ci.

Ya same mu a asibiti gashinsa bai bushe ba. Ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na ba shi ragowar burodin da ke jakata, ya cinye.

Washegari da hantsi Elwood ya buɗe ido. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Garnet.

"Buldoza. Wa ya ci?"

"Mu."

"Shegu."

Muka yi dariya har Twila tana share hawaye. Muka ce to, ai shi ke nan, Elwood ne. Jim kaɗan ya sake juyowa.

"Buldoza. Wa ya ci?"

"Mu."

"Shegu."

Haka ya wuni yana tambaya. Twila ta fita ta tsaya a baranda. Ni ma daga baya na fita. Garnet bai motsa ba. Duk lokacin da aka tambaye shi ya amsa, da murya iri ɗaya, har ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin ziyara ya ƙare.

Elwood ya warke, in dai warkewa ita ce mutum ya tashi ya yi tafiya da ƙafarsa. Amma haske ya zama abokin gabarsa, ƙara ma haka. In ya ɗaga kai da sauri sai ɗaki ya juya da shi. Likitoci suka ce ba shi ba wasa. Aikin ƙarafa ma ya ƙare, don wanda jiri ke ɗauka a kan tsanin kicin ba ya hawa bene ashirin. Ya koma zaman gida, labule a sauke.

Babu wanda ya ɗora wa Garnet laifi. Dattawan da ke zama a kantina suka ce karo ne mai tsabta, ko a makaranta haka za a koyar da shi. Gwaggo da kanta ta zo gidansa ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Ɗana, wasa ne. Mahalicci ne ya ba mu shi, kuma tun kakanni ana jin ciwo a cikinsa. Ka ji ni?"

"Na ji, Gwaggo."

"Ranar Asabar za ka buga?"

"Zan buga."

Ya buga. Abin da ban zata ba shi ne ya fi da iyawa. Da can yakan hasala, ya yi dambe, a kore shi waje ya zauna. Yanzu ko an zage shi, ko an sare shi da sanda a wuyan hannu, ba ya ko waiwaye. Ba ya gaggawa, ba ya tsoro. Ɗan gaba ya taho da duk dabararsa, Garnet ya tsaya ya jira shi, ya ajiye shi a ƙasa kamar buhu, ya wuce. Aka ba shi kyaftin. Aka zaɓe shi gwarzon 'yan baya shekara biyu a jere.

Kafin kowane wasansu na gida akan rage fitilu a nuna hotunan ƙungiyar a ƙaton allon da ke rataye a tsakiyar zauren, da kiɗa mai girgiza kujeru. A ƙarshe sai a nuna karon. Ana yanke shi daidai inda hular ta taɓa katako, kafin a ga hannun. Sunan da Elwood ya laƙaba masa ya riga ya shiga bakin 'yan kallo, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya: "Bul-do-za! Bul-do-za!"

Ranar da na fara gani, na tare shi a wurin ajiye motoci.

"Garnet, ka ce su cire wannan abin."

"Bai dame ni ba, Yaya."

"Ba ka kallo ne?"

"Ina kallo."

"To me kake gani?"

Ya yi tunani, kamar na tambaye shi hanyar wani gari. "Wani mutum ya bugi wani mutum," ya ce. Ya buɗe min ƙofar mota.

A shekara ta biyu bayan karon matarsa Corinne ta koma gidan iyayenta a Brantford. Ba a yi faɗa ba. Ta zo kantina ta yi min sallama, ta ce, "Yaya, da rigima muke yi, da na san abin da zan faɗa wa mutane. Na ce masa zan tafi, ya ce in jira ya duba min iskar taya." Ya kuma duba ɗin.

Gidan Elwood kuwa bai daina zuwa ba, sai dai ba ya shiga. Duk safiyar da ƙanƙara ta zuba zai karkato da motar aiki ya share musu hanya tun daga titi har bakin ƙofa, ya juya. Da kaka ya sauke musu itace. In an yi farauta ya ajiye cinyar barewa a baranda. In sun haɗu a taron dangi ya ce, "Ya jiki?" Elwood ya ce, "Da sauƙi," shi ke nan.

A shekararsa ta goma sha biyu suka ci kofi. Ina wurin. Abokan wasansa suna birgima a ƙasa, ƙatti masu gemu suna kuka kamar yara. Aka miƙa wa Garnet kofin tunda shi ne kyaftin. Ya ɗaga shi sama yadda ake yi, ya riƙe har masu hoto suka gama, ya miƙa wa na kusa da shi. Daga nan ya sunkuya yana tattara safofin hannun da aka watsar a fili.

Da aka ba shi kofin ya kawo gida, garinmu ya fito kaf. Aka ɗora shi a motar kashe gobara aka zagaya da shi, aka ƙare a zauren wasa. Na dafa miyar da ban taɓa dafa yawanta ba. Ana cikin haka sai ga Elwood ya shigo da baƙin tabarau, auduga a kunne, Twila tana riƙe da gwiwar hannunsa. Kowa ya juyo yana kallonsa. Ya nufi teburin da kofin yake, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Rabin wannan nawa ne, Buldoza. Da kan nan nawa aka ba da kafin alƙalami."

Ya tsaya yana jiran amsa. Wasu suka yi 'yar dariya suka sunkuyar da kai. Garnet ya ce, "Haka ne." Ya jawo masa kujera.

Na ga fuskar Elwood a lokacin, duk da tabarau. Bai zauna ba. Ya ce wa Twila hayaniya ta yi masa yawa, suka fita.

Shekarar da ta biyo baya aka kawo sabon koci, mai son yara masu gudu. Gwiwoyin Garnet sun fara gajiya. Ya ƙarasa kakar wasan, rabinta a benci. Da lokacin sanyi ya zagayo, ana shirin sabuwar gasa, wata Juma'a na gan shi a kantina da kayan aiki.

"Yau ba tafiya?"

"Sun sallame ni."

"Yaushe?"

"Wancan makon. Ina kan hanyar kogi suka kira."

"Me ka ce musu?"

"Na ce to. Akwai sauran miya?"

Na zuba masa. Na tsaya ina kallonsa yana ci, ina jiran wani abu ya fito, ko zagi ne. Ya gama, ya kai kwanon wurin wanki da kansa.

Bayan 'yan kwanaki na je gidan su Elwood da sassafe kai wa Twila waken da ta ce in samo mata. An kwana ana zuba ƙanƙara. Muna kicin muka ji ƙarar motar Garnet ta shigo. Elwood ya fito daga ɗaki da rigar barci, ya zura silifa, ya buɗe ƙofa ya fita cikin wannan farin hasken ba ko tabarau. Twila ta ce, "Elwood!" Bai juyo ba. Ya je ya tsaya a gaban ƙarfen share hanyar, ƙafafunsa cikin ƙanƙara.

Garnet ya taka birki, ya leƙo ta taga.

"Matsa, za ka yi mura."

"Ko ka shigo, ko ka take ni. Ai ka saba."

Garnet ya kashe motar.

Suka zauna a falo cikin duhun labule. Ni da Twila muna kicin, ƙofa a buɗe, ba su ce mu rufe ba. Elwood ya rufe ido da tafin hannu, ya daɗe kafin hasken ya sake shi.

"Na ji an kore ka."

"E."

"Sun kyauta. Tun bara kake gudu kamar saniya mai ciki."

Garnet bai ce komai ba.

"Ka gani? Wannan. Wannan abin da kake yi." Elwood ya matso gaba. "Ka san abin da ya fi ci min rai? Ba kan nan ba ne. Ciwon kan na saba da shi. Tun da abin ya faru babu wanda ya ƙara zagina a garin nan. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Inna tana min magana ƙasa-ƙasa. Na ce aƙalla Buldoza zai ce min ɗan banza. Sai ka koma kawo min itace. Na ce maka ina jin sanyi ne?"

"A'a."

"Ni na sunkuyar da kai. Na gan ka ka taho, na ɗauka zan riga ka. Tun muna yara nake riga ka, ran nan ban riga ka ba. Me ya rage?"

Twila ta rage wutar da ke ƙarƙashin tukunya.

"Na ɗauki ƙwallon," in ji Garnet.

"Me?"

"Da ka faɗi. Na ga hannunka. Kafin kowa na gani, ina tsaye a kanka. Na san abin da yake nufi. Sai na duba inda ƙwallon yake, na kwashe shi, na tafi." Yana maganar kamar mai ba da rahoton hanya. "Na ce in an tashi wasa abin zai zo min. Bai zo ba. Na ce a asibiti. Na ce in na koma gida. Har yanzu jira nake, Elwood. Ba na jin komai. Kamar hannun da aka kwana a kansa."

Twila ta kama gefen tebur. Ita ba ta san wannan ba. Ni ma ban sani ba.

Elwood ya sauke hannunsa daga fuska. Na ɗauka zai yi tsawa, ko ya yi wata barkwancin. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ba a busa ba," ya ce a hankali. "In ba a busa ba, ɗauka ake yi. Ni ma da na ɗauka." Ya ɗan tsaya. "Ina jin da na ɗauka. Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba ko da ka ɗauka."

"To."

Iyakar maganar ke nan. Babu wanda ya rungumi wani. Ciwon kan ya taso wa Elwood saboda hasken da ya shiga, ya miƙe a doguwar kujera, Twila ta kawo masa magani da jiƙaƙƙen tawul. Kafin a jima barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe. Garnet ya ci gaba da zama da rigar aikinsa, ƙanƙarar takalminsa tana narkewa a kan darduma. Twila ba ta yi masa magana ba, ba ta kuma kalle shi ba. Da aka kira shi daga wurin aiki aka ce hanyar makaranta ba a share ba, ya tashi ya goge ruwan da tsumma, ya fita.

Twila ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwarsa. Yanzu tana amsawa. Yana shiga gidan, ba kullum ba. Ta ce yawanci zama kawai suke yi, Elwood yana sauraron wasa a rediyo ƙasa-ƙasa yana kushe 'yan wasan bana, Garnet yana cewa haka ne. Jikin Elwood yau da sauƙi, gobe babu. Da bazara 'yan ƙungiyar tsofaffi suka nemi Garnet ya zo ya buga musu, ya ce zai duba, bai je ba. Na yi masa zancen ganin likita, ya ce to, ya je sau biyu.

A watan jiya tsohuwar ƙungiyarsa ta aiko masa da rigarsa a cikin gilashi, da lambarsa da sunansa. Ya kawo ta kantina ya ce in ajiye masa, gidansa babu ƙusa a bango. Na ce zan ba shi ƙusa, ya ce ba gaggawa. Tana nan a sito bayan jarkokin mai, ko ledar ba a cire ba.